Binciken Suruki a Brussels

Mun tashi da asuba, alhali jirginmu sai bayan magariba. Maigida ya yi mita har ya gaji, ya ce bai taɓa ganin mai sammako don tafiyar dare ba sai ni. Na ce masa ban yarda da jirgin ƙasan unguwarmu Parkchester a nan New York ba, ban yarda da cunkoson hanyar filin jirgi ba, kuma ko ba wannan, Yaya, wato wana, ya ce mu biyo ta gidansa a unguwar Soundview kafin ya fita buɗe shago. Da yawanku kun ga hotunan da na ɗora, kuna ta tambayata me mutum zai yi a Brussels a ƙarshen Nuwamba, lokacin da ganye ya kusa gama zuba, sanyi ya kunno kai. Zan gaya muku abin da na gani da abin da na ci. Amma gara in fara da gaskiya: ba yawon buɗe ido ne ya kai ni ba, bincike aka tura ni.

Ga yadda abin yake. 'Yar Yaya ta fari a hannuna ta tashi. Allah bai ba ni haihuwa ba, su kuma iyayenta suna kunyar ɗan fari irin ta mutanenmu na Maradi, sai suka miƙo mini ita tun tana tatata. Ni na kai ta makaranta, ni na yi zaman asibitinta duk lokacin da ta kwanta, yau ga ta ma'aikaciyar jinya. Ba zan kama suna ba, ku dai ce ɗiyata. Bara a wajen bikin wata ƙawarta ta haɗu da wani yaro Badamagare da ya zo daga Brussels. Direban tiram ne a can, wato jirgin ƙasan nan da ke bin tsakiyar titi tare da motoci. Tun daga nan waya ba ta huta ba, har ya ce zai turo magabatansa. Yaya ya ce ba mai turo kowa sai an yi bincike. A gida abu ne mai sauƙi. A tura mutum unguwarsu, ya tambayi mai shago, ya tambayi liman, ya zauna da tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, kafin la'asar an san har ciwon da ya kashe kakansa. To wa muka sani a Brussels? Ni ce mai Faransanci a baki da fasfo a hannu, sai aka ce in je da sunan hutu.

Mun tarar da Yaya a kan darduma da kofin shayi. Bai ja magana ba.

"Ki buɗe ido," in ji shi. "Yaran ga na Turai takardar Amirka suke biɗa. Shi aure ta, shi samu katin zama, shi watsar da ita. Abin da kika hwaɗa min shi za ni yi. In kin ce a'a, magana ta mutu."

Ɗiyata ce ta kai mu filin jirgi da yamma. Da za mu rabu ta rungume ni ta ce, "Gwaggo, please, be nice. Ki dai duba shi da kyau." Na lura ba ta kalli idona ba. Na ajiye wannan a raina, don ni ba na zubar da komai.

Mun sauka da safe amma gari kamar ba a yi asuba ba. A wannan lokacin rana ba ta fitowa da wuri a can, in ma ta fito ba ganinta ake yi ba. Ga wani yayyafi maras zuciya, ba ya sauka sosai ba ya ɗaukewa, sai dai ka ji rigarka ta yi nauyi. Duk mai niyyar zuwa ya sayi lema mai ƙarfi, ya bar ta dala biyar ɗin nan ta bakin titi a gida.

Yaron yana jiranmu a ƙofar fita. Dogo, baƙi, mai ɗan gemu. Yana ganinmu ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar Turawa ya gaishe mu. Maigida ya ji daɗi, ni kuwa na ce a raina ladabin da ya yi yawa akwai abin da yake nema. Shi maigida Bakano ne, yana jin an ce Damagaram ya washe baki ya ce, "Ashe bawana ne. Ɗauki jakar ubangidanka." Yaron ya ce, "Baba, zan ɗauka don tsufa, amma kowa ya san wa ya kori wa." Kafin jirgin ƙasa ya shigo da mu cikin gari sun zama kamar tare aka yaye su. Nan na gane ni kaɗai ce mai bincike a tafiyar nan, ɗayan ɗan rakiya ne.

Abu na farko da ya tsaya mini: bai kai mu gidansa ba. Wani ƙaramin otal ya kama mana, mai tsabta ba laifi, ya ce ɗakinsa hawa na uku ne kuma ba lif, na'urar hawa bene, kada gwiwata ta wahala. Wa ya gaya masa ina ciwon gwiwa? Sannan ina aka taɓa yin Bahaushen da zai yi baƙi daga wata duniya bai ce su taka su sha ko ruwa a ɗakinsa ba? Na dai ce mun gode.

Ya ce ya ɗauki hutun mako guda saboda mu, kuma gaskiya ya zagaya da mu. Ya fara kai mu babban dandalin tsakiyar gari, wanda suke kira Grand-Place. A nan kam dole na yi shiru, don gine-ginen da suka kewaye shi an yi musu ado da ruwan zinari har sama, a cikin hazon nan suna ɗaukar ido. Mun tarar ana kafa wata ƙatuwar bishiya da mota mai ƙugiya, kafintoci kuma suna ta buga rumfunan katako a titunan kusa, na kasuwar Kirsimeti. Ƙasan duk duwatsu ne aka jera, masu santsi in sun jiƙe. Mata, ku bar dogon takalmi a akwati.

Daga nan ya ce zai nuna mana abin da duniya ke zuwa gani. Muka bi lungu muka tarar da cincirindo, kowa ya ɗaga waya. Na kutsa na leƙa. Wani ɗan gunki ne da bai fi tsawon hannuna ba, tsaye yana fitsari a kwatami, har da riga aka ɗinka masa. Maigida ya ce a Kano da tuni an zane shi. Abin da ya fi ba ni haushi, da na nemi ban ɗaki a nan kusa sai da na ba wata mata kusan yuro guda a bakin ƙofa. Gari ne da gunki ke fitsari kyauta a bainar jama'a, ɗan Adam kuwa sai ya biya.

Abinci akwai, amma sai ka yi tambaya. Suna da wata waina mai gida-gida da suke kira gofir. Kada ku sayi ta kusa da dandali da aka tula wa kirim da 'ya'yan itace, wannan ta baƙi ce, kuɗinta ninki biyu. Ku nemi ta mota a bakin titi, mai zafi, ba komai a kanta sai sukarin da ya narke a ciki. Soyayyen dankalinsu kuma da shi suke alfahari, a cikin takarda mai tsini, a zuba mayonis a kai. Na tambayi mai suyar da wane mai yake yi, ya ce kitsen saniya. Na ce wa ya yanka saniyar? Ya tsaya yana kallona da matsami a hannu. Yaron ya yi dariya ya ja mu shagon wani ɗan Maroko, a nan muka ci hankali kwance. Cakulan ma haka, wasu da giya a cikinsu, sai ka sa an karanta maka. Abin da na fi so shi ne wani ɗan itace da suke gasawa a kan garwashi a bakin hanya, maron, ɗanɗanonsa tsakanin gurjiya da dankalin Hausa. Ko ba ka ci ba, ka riƙe ƙunshin a hannu ya ɗumama maka yatsu.

Duk wannan ina ci ne ina kallon yaron. Kullum da an doshi la'asar sai ya fara duba waya. Sai ya kai mu tashar tiram, ya nuna mana inda za mu sauka, ya ce yana da wani uzuri, ya ɓace sai washegari. Mutumin da ya ce yana hutu, uzurin me? Ranar Laraba ma tun azahar ya sulale. A shagon cakulan na ga ya sayi wani ɗan tsoho mai gemu da jar hula, na cakulan, ya sa an naɗe masa ya tura a aljihu. In waya ta shigo sai ya juya mana baya, muryarsa ta yi laushi. Na gaya wa maigida akwai mace a maganar nan, kuma Baturiya ce. Ya ce, "Hajiya, ke ko inuwarki ba ki yarda da ita ba." Na ce ai ita ma ta taɓa guduwa ta bar ni da aka ɗauke wuta.

Ranar Alhamis ya sa mu a wani tiram da ke fita bayan gari ya ratsa ta cikin daji. In abu ɗaya za ku yi a Brussels a wannan lokacin, to ku yi wannan. Bishiyoyi dogaye, ganyen da ya rage ja da rawaya, wanda ya zuba ya rufe ƙasa, tiram yana tafiya a hankali kamar mai jin kunyar tada mutane. A ƙarshen hanyar akwai gidan tarihi cike da kayan Afirka, ganguna da mashi da kwale-kwale na itace guda. Na yi ta karanta bayanan da aka liƙa ina neman inda aka ce masu kayan sun bayar da yardarsu. Ban cika gani ba.

A hanyar dawowa na jefa masa tarko. Na ce, "In an yi auren ai sai ka huta da ruwan saman nan. New York akwai aiki."

Ya kalli taga ya ce, "Gwaggo, New York ta yi mini girma."

Na ce a raina, na san wannan. A kasuwa mai kushe kaya shi ne mai saye.

Ranar Juma'a muka je babban masallacin da ke gefen wani lambu mai ƙatuwar ƙofar dutse. Na sa maigida ya tsaya bayan salla ya tambayi 'yan Nijar da ya gani. Ya dawo yana fara'a, wai kowa ya ce mutumin kirki ne. Na ce ranar Juma'a a ƙofar masallaci kowa mutumin kirki ne. Sai ya ƙara da cewa wani dattijo ya ce yaron yana ƙoƙari, Allah ya saka masa. Ƙoƙarin me? Maigida bai tambaya ba. Na ce to shi ke nan, zan yi binciken yadda iyayenmu suke yi.

Adireshin yaron yana wayata tun lokacin da ɗiyata ta sa ni aika masa da hula ta gidan waya. Ranar Asabar da safe ya zo zai kai mu ganin wasu ƙwallayen ƙarfe manya da aka jona da bututu, ana hawa ciki a hango gari. Na ce gwiwar nan da ya yi mini fata ta tashi, su je su kaɗai. Suna fita na saka doguwar kwat ɗina, na rataya jaka, na hau tiram zuwa unguwarsa, Schaerbeek.

Unguwa ce ta gidajen jan bulo manne da juna, da gidajen burodin Turkawa. Na fara da mai shagon kwana. Na kwatanta masa yaron, na ce wane irin mutum ne? Ya ce shi madara da burodi yake sayarwa. Na tare wani mai jan kare, ya dube ni sama da ƙasa ya ja karensa ya tsallaka titi. A nan na fara gane cewa a garin nan mai tambaya shi ne abin zargi. Amma na riga na zo. Na je ƙofar gidan, na ga sunansa a jikin ƙararrawa ta sama, na danna ta ƙasa.

Wata tsohuwar Baturiya ta buɗe, tana dogara da sanda, ta tsaya ta cike ƙofar duk da ƙanƙantarta. Aikina a New York kula da tsofaffi ne a gidajensu, na san yadda ake shiga da su. Na gaishe ta da Faransancin makaranta, na ce na zo ne in yi 'yan tambayoyi a kan maƙwabcinta na sama. Yana shan giya? Su wa ke zuwa wurinsa? Akwai macen da ke kwana?

Fuskarta ta canza. Ta buga sandar a ƙasa.

"Sun sake turo ku ke nan," in ji ta. "Na gaya wa ta farko, ke ma zan gaya miki. Yarinyar tana cin abinci mai zafi. Kayanta a wanke suke. Bai taɓa barin ta tsaya ita kaɗai a ƙofar makaranta ba, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Ki je ki gaya wa alƙali ni na faɗa, in yana so ya zo ya same ni."

Na ce, "Wace yarinya?"

Kafin ta amsa sai ga wani ɗan kai ya leƙo ta bayan siket ɗinta. Yarinya ce da ba ta fi shekara shida ba, fara sol, amma hanci da goshin duk na yaron ne. An yi mata kitso guda biyu, ɗaya ya kalli gabas ɗaya ya kalli kudu. Kitson namiji ne, ko a mafarki na gan shi zan gane.

Tsohuwar ta dube ni da kyau, ta ce ba daga kotu nake ba? Na ce ni gwaggon wadda zai aura ce. Ta dafe bango. Ta ce ta kashe maƙwabcinta da bakinta. Ta ɗauka ni ma'aikaciyar da ake turowa ce a duba yadda yake riƙon 'yarsa, shi ya sa ta fito da duk ƙarfinta ta kare shi, a garin karewar ta tona abin da na ƙetare teku ina nema. Ruwa ya ƙaru, ta ce in shigo. Ta ba ni kofi, ta kira shi a waya a gabana. Na zauna ina huci. Amma ko a cikin fushin na san abu ɗaya daga aikina: tsohuwar Baturiya ba ta tare wa maƙwabci ƙofa da sanda haka kawai. Na ga ƙarfen dafawa sabo a bangon zaurenta, na tambaya, ta ce shi ya kafa mata bayan ta faɗi.

Ba a jima ba ya shigo yana haki, maigida na biye da shi da ledar gofir. Muka hau sama, hawa ukun gaskiya ne. Ɗaki biyu, ɗaya da ƙaramin gado da taurarin takarda a bango. Ya durƙusa. Na ce ya tashi, durƙuso ya ishe ni, magana nake so.

Ya ce ya auri wata 'yar ƙasar lokacin yana karatu, auren gaskiya ba na takarda ba, kuma auren ya mutu. Uwar ta so ta tafi da yarinyar wani gari, aka je kotu, aka raba musu mako nata mako nasa. Wannan makon nasa ne, shi ya sa yake gudu ɗaukar ta daga makaranta.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ɗiyarki ta sani tun ranar da muka haɗu, Gwaggo. Na so in gaya wa babanta, ta ce in ya ji ta waya zai kashe maganar kafin in kai aya. Ta ce a bari ki zo ki san ni tukuna. Gobe Lahadi na shirya kawo ku nan ku ci abinci, ku ga 'yar tawa."

Ban yarda ba. Na tashi na buɗe firij ɗinsa da hannuna. Ga naman rago an jiƙa shi da kayan yaji a babban kwano, wanda ya fi ƙarfin mutum ɗaya da yarinya. Maigida ya yi gyaran murya, na ce kada ya ce komai. Na dawo na zauna, na yi tambayar da Yaya ya aiko ni da ita. Na ce to in an ɗaura, yaushe zai taho New York?

"Ba zan taho ba," in ji shi. "In na bar ƙasar nan na bar 'yata. Ɗiyarki ce za ta zo. Ta fara neman yadda za a karɓi takardun aikinta a nan."

Ban san lokacin da na kama hannun kujera ba. Sai a lokacin na tuna watannin nan ɗiyata ta matsa mini in riƙa yi mata Faransanci a gida, ni kuma ina ta murna wai ta fara son asalinta. Mun kwana muna tsoron zai aure ta don ya shigo Amirka, ashe shi Amirka ba ta gabansa. Ɗauke mini ita zai yi.

Ranar Lahadi da safe ya kai mu babbar kasuwar da ke ci kusa da tashar jirgin ƙasa ta kudu. Ku je, akwai zaitun iri-iri, da kifi, da barguna masu araha, da shayin na'ana'a da wainar 'yan Maroko mai zuma. Ni dai na bi su ne kawai, ban san abin da na ci ba. Da rana muka ci naman ragon a gidansa, ya yi gishiri kaɗan. Yarinyar ba ta jin Hausa sai "sannu" da "na gode", tana ta satar kallona. Na daure na daure, na kasa. Na ce a ba ni mataji da mai. Na zaunar da ita tsakanin gwiwoyina na tsefe wannan abin kunyar na yi mata kitso na mutane. Ta zauna shiru, kanta a kan cinyata, kamar yadda wata ta saba zama. Sai da na juya fuska wajen taga.

A jirgin dawowa ban runtsa ba. Na san abin da zan iya yi. In ce wa Yaya yaron yana da 'ya da Baturiya, ya kuma ɓoye mana, in yi shiru daga nan. Ba ƙarya ko ɗaya a ciki. Yaya zai ce magana ta mutu, ɗiyata ta yi kukanta ta share, ta ci gaba da zama a gabana. Wallahi na so haka, ba zan ɓoye muku ba. Na gaya wa maigida a hankali, ina so ya ce mini e. Ya ce, "Hajiya, shi rabin gaskiyar da za ki bari fa, a ina za ki ajiye shi?" Ya ja bargo ya rufe kansa, ya bar ni da shi.

Washegarin saukarmu na sami Yaya a shago, yana jera huluna da safar hannu na sanyi. Na fara da 'yar, don kada ya ce na ɓoye. Na ga fuskarsa ta ɗaure. Ban tsaya ba. Na gaya masa ƙofar makaranta, da tsohuwar da sandarta, da ƙarfen bango, da kitson da ya karkace, da cewa yaron ba zai taho ba. Wani ya shigo sayen cajar waya, Yaya ya sallame shi, ya dawo ya tsaya yana gyara hular da ba ta karkace ba.

"Ke mi kika ce?"

"A ba shi. Wanda bai yar da ɗiyarshi ba, ba shi yar da tamu."

"Kin san tahiya za ta yi?"

"Na sani."

Ya dube ni, ya san wa maganar ta fi ci a cikinmu. Ya ce, "To shi turo."

Kun tambaye ni abin da mutum zai yi a Brussels, na gaya muku: tiram ɗin daji, gofir ta mota, kasuwar Lahadi, da tambaya kafin a ci. Abin da tafiyar ta koya mini kuwa ba shi da daɗi. Zargina bai faɗi ƙasa ba, akwai abin da aka ɓoye kuma na tono shi. Amma zargi tono kawai ya iya, ba ya gaya maka abin da za ka yi da abin da ka tono. Na kuma gane cewa ba duk tsoron da nake ji don ɗiyata ba ne, wani don kaina ne. In an tura ku bincike, ku binciki mai binciken ma.

Da na koma gida na tarar da ita a falo da kayan aiki a jikinta, ba ta ko cire takalmi ba, tana karanta fuskata. Na ajiye jaka. Na ce mata ta yi mini wayo, kuma ban yafe ba tukuna.

"Gwaggo, I'm sorry. Ke kaɗai Baba yake ji. Kuma na san ba za ki rage komai ba."

Na ce, "Daga yau ba Hausa ba Turanci a gidan nan, Faransanci za mu yi. Wanda kike da shi bai isa ki yi ciniki ba, balle ki yi wa yarinya faɗa."

Ta yi tsaye kamar ba ta ji ba, sannan ta faɗo jikina tana kuka. Na riƙe ta ina bubbuga bayanta, ina ce mata ta yi shiru, da Hausa, don na manta dokar da na kafa yanzun nan.